Bugun kai a ƙwallon jami'o'in Amurka: wa ke da ikon fitar da ɗan wasa daga fili?

Ƙwallon da ake magana a kanta ba irin tamu ba ce. Ta Amurka ce, wadda ake rungumar ƙwallo a ruga da gudu, samari sanye da hular kwano suna karo kamar raguna.

Me ke samun ɗan wasa idan ya bugu a ka?

Ƙwaƙwalwa a cikin ruwa take zaune a ƙoƙon kai. Karo mai ƙarfi yakan girgiza ta har ta bugi ƙashi, sai jiri ya biyo baya, da ciwon kai, da gani dishi-dishi, da mantuwa. Yawancin waɗanda abin ya sama ko suma ba sa yi, shi ya sa ake raina shi. Hular kwano tana hana kai fashewa, amma ba ta hana girgizar.

Wa ke sa ido?

Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka. An kafa ta a 1906, bayan mace-macen 'yan wasa a 1905 sun sa Shugaba Theodore Roosevelt ya tsoma baki. A 2010 ta wajabta wa kowace jami'a ta tanadi tsari: wanda aka ga alama a jikinsa a fitar da shi a duba shi, in an tabbatar kuma ba zai koma wasa a ranar ba. Sai dai aiwatarwar a hannun jami'o'in ta bar ta.

To ina matsalar, tunda akwai doka?

A watan Satumba na 2014, a wasan Michigan da Minnesota, Shane Morris, ɗan wasan Michigan, ya sha karo ya tashi yana tangaɗi, 'yan kallo na gani a talabijin, amma aka bar shi a fili, daga baya ma da aka fitar da shi aka sake mayar da shi. Kafin nan, a 2011, Derek Sheely na jami'ar Frostburg ya rasu sakamakon bugun kai bayan ya faɗi a wurin atisaye.

Koci nasara yake nema don aikinsa ya ɗore. Yaro kuwa tsoron rasa gurbinsa yake yi, sai ya ɓoye ciwonsa. A 2016 manyan rukunonin jami'o'i suka amince cewa hukuncin likita babu mai tayar da shi. Ni dai a ganina, likitan da sashen wasanni ke biyan albashinsa yana bukatar kariyar da ta wuce ta takarda.

A wurin wasa ne aka fi jin ciwon?

A'a. Binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna kashi 72 cikin ɗari na raunukan girgizar ƙwaƙwalwa a wurin atisaye suke faruwa, inda babu alƙalin wasa, babu kyamara. Jami'o'in Ivy League, wani rukunin fitattun jami'o'in Amurka, sun hana kayar da juna a atisayen kakar wasa tun 2016.

Bayan shekaru fa?

Akwai cutar CTE, lalacewar ƙwaƙwalwa da ake dangantawa da yawan bugun kai, kuma sai bayan mutuwa ake iya tabbatar da ita. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston sun same ta a ƙwaƙwalwa 48 cikin 53 ta tsofaffin 'yan wasan jami'a, kodayake yawanci iyalan da suka ga alamu ne suka bayar da su. A sulhun ƙarar da 'yan wasa suka kai NCAA kan bugun kai, wanda kotu ta amince da shi a 2019, NCAA ta ware dala miliyan 70 don duba lafiyar tsofaffin 'yan wasa na tsawon shekara 50. Kuɗin na gwaji ne kawai, babu magani ko diyya a ciki.