A kakkaɓe takalmin yaro: gizo-gizo da kaska a gidajen Ostiraliya

Wata baiwar Allah da ba ta fi mako uku da sauka a Sidni ba ta kira ni bayan sallar isha'i, muryarta na rawa. "Anti, don Allah ki taimake ni, wani abu ne a bangon ɗakin yara." Ta kwashe yaran biyu zuwa falo, ta tura tawul a ƙarƙashin ƙofa. Na ce ta turo mini hoto. Gizo-gizo ne mai faɗin tafin hannu, ƙafafu a baje, wanda mutanen nan ke kira hantsman. Muninsa ya fi cizonsa, kuma kyankyasai yake farauta. Washegari na leƙa gidan, muna zaune a tsakar gida, ɗanta mai shekara uku yana ta hawa da sauka a kan wata kujerar roba da suka tarar a gidan. Na ɗaga yaron, na kife kujerar. A lungun ƙafarta ga wata 'yar baƙar aba kamar ƙwayar wake, da jan zane a gadon bayanta, cikin saƙa mai hargitsi. Wannan ce ya kamata ta hana uwar barci, amma ko ganinta ba ta yi ba.

Aikin jinya nake yi, kuma na lura mu da muka taso a gida muna zuwa ƙasar nan da tsoro biyu da ba su dace ba. Wasu sun sha kallon bidiyo a waya har suna ganin ko ciyawa suka taka sun mutu, sai su kulle yara a ɗaki wata da watanni. Wasu kuma gizo-gizo a wurinsu abin tatsuniya ne, mijin Ƙoƙi, iyakar ɓarnarsa yana a silin. Gaskiyar tana da sauƙi. Iri biyu ne suka cancanci ku san su da ido, kuma taimakon farko na ɗaya kishiyar na ɗayan ne. A nan ake yin kuskure.

Ta farko ita ce wadda na samu a ƙarƙashin kujera, mai jan baya, redbak a bakin mutanen nan. Macen ce ke da illa. Tana ko'ina a ƙasar, birni da ƙauye, kuma busasshen lungu take so: ƙasan kujerun waje, bakin tukunyar fulawa, akwatin wasiƙa, rumbun ajiye kayan aiki, cikin hular keke, ƙarƙashin motar wasan yara da aka bari a waje. Ba ta bin mutum, sai an kai hannu inda take. Cizonta da farko kamar sukar allura ne, sai zafin ya yi ta ƙaruwa yana hawa gaɓar, wurin ya riƙa gumi shi kaɗai. Wani ya yi amai, wani ciwon ciki ko ciwon kai. Ƙaramin yaro ba zai ce muku ga abin da ya faru ba, sai dai kuka mara dalili bayan ya dawo daga wasa, kukan da goyo da nono ba sa tsayarwa. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a naɗe ƙanƙara a ƙyalle a ɗora, a ba da farasitamol daidai shekarunsa. Kada a ɗaure. Dafinta a hankali yake tafiya, ɗauri zafi kawai zai ƙara. Idan ƙaramin yaro ne, ko zafin ya ƙi lafawa, a tafi asibiti. Akwai allurar karya dafinta tun 1956.

Na biyun shi ne wanda ba a wasa da shi. Fanelweb ake ce masa, saboda bakin raminsa da yake saƙawa kamar mazurari. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi a kai da ƙirji, jikinsa ya kan kai tsawon gaɓa biyu na yatsa. Na Sidni yana zaune daga wajejen Niyukasil a arewa zuwa Nawra a kudu, yamma har Litgo, kuma yana da 'yan uwa a sauran gabashin ƙasar. Danshi yake so: ƙarƙashin duwatsun ado, ruɓaɓɓen icce, tarin ganye. Shi ya sa unguwannin arewacin Sidni masu itatuwa da kwazazzabai suka fi fama da shi a kan busassun unguwannin yamma inda yawancin baƙi ke samun haya. Macen tana zaman raminta. Namijin ne ke fita yawon neman mace da dare a lokacin zafi, kusan daga Nuwamba zuwa Afrilu, musamman bayan ruwan sama, kuma dafinsa ya fi nata ƙarfi. Ku tuna lokutan nan a juye suke, Disamba da Janairu su ne tsakiyar zafi. Gari na wayewa sai ya nemi duhu ya ɓuya, kuma babu duhun da ya fi masa kusa kamar takalmin da aka bari a bakin ƙofa.

Mu kuwa mutanen cire takalmi a ƙofa ne. Duk gidan ɗan gida da na shiga a nan, jerin takalma nake tararwa a waje, manya da ƙanana, sun kwana a wurin. Amma wanda ya yi zaman ƙauye ya san dokar kunama: ba ka zura ƙafa sai ka buga takalmin a ƙasa ka kakkaɓe. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce za ku farfaɗo da ita ku koya wa yara, su riƙa kife takalmi suna bugawa, ba zura hannu ba. Gara ma a shigar da takalman ciki. Haka tawul ko wankin da ya faɗo daga igiya ya kwana a ƙasa, da tabarmar da aka bari a kan ciyawa. Idan gidan yana da wurin ninƙaya kuka ga baƙin gizo-gizo kwance a ƙasan ruwa, kada yaro ya ɗauka gawa ce. Yana iya yin sa'o'i masu yawa a ruwa ya farfaɗo.

Idan ya yi cizo, zafin nan take ne, sau da yawa har da shaidar haƙora biyu. Alamun da ke biyowa suna iya zuwa cikin mintoci a jikin yaro: gumi sharkaf, dalalar miyau, hawaye, jin kamar ana tsikari a kewayen baki, rawar harshe da tsoka, amai, wahalar numfashi. Ba a jiran ganinsu. A kira 000, lambar gaggawa ta ƙasar, a kwantar da yaron, a ɗauko bandeji mai talewa mai faɗin santimita 10 zuwa 15, a fara naɗawa a kan cizon, sannan daga yatsu a naɗe gaɓar gaba ɗaya har sama, da ƙarfi irin na ɗaurin targaɗe. A haɗa da sanda ko ludayin katako don kada gaɓar ta motsa, a yi alama da biro a kan bandejin daidai wurin cizon. Kada yaron ya taka da ƙafarsa, kuma kada kowa ya kwance ɗaurin sai a asibiti. Hikimar ita ce dafin ta ƙananan hanyoyin ruwan jiki yake bi, motsin tsoka ke tura shi, matsi da rashin motsi suna tsare shi inda yake. Wannan ba ɗaurin igiya ba ne irin wanda ake tamke cinya da shi har jini ya tsaya, wancan kan kashe gaɓa. Duk babban baƙin gizo-gizon da ya ciji mutum a gabashin ƙasar, in ba ku tabbatar da irinsa ba, ku ɗauke shi a matsayin fanelweb.

Kafin 1981 an rubuta mutuwar mutum 13 daga cizonsa, da yara a cikinsu. A shekarar aka fara amfani da allurar karya dafin da Dokta Struan Sutherland da abokan aikinsa suka haɗa a Melbon, kuma tun daga nan ba a sake rubuta mutuwa ba. Dafin da ake haɗa ta da shi ana tatsar sa ne a wani gidan dabbobi kusa da Gosfod, daga gizo-gizon da jama'a ke kamawa a kwalba su kai. Kamun aikin manya ne da suka saba, ban ba sabon zuwa shawarar ya gwada ba.

Ɗaurin nan shi ne kuma na saran maciji a ƙasar. Ba tsaga, ba tsotsa, ba baƙin dutse, ba a ma wanke wurin, domin da sauran dafin da ke kan fata asibiti kan iya gane irin macijin.

Abin da ya fi ba ni aiki wajen fahimtar da mutanenmu shi ne kaska. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san yadda ake fizge ta daga kunnen sa ko akuya da farce, wani ma ya ɗiga mata kananzir. Kaskar gabar gabashin Ostiraliya dabam ce. Miyaunta na da dafin da ke kashe ƙarfin jiki, yaro ya fara tangaɗi ko muryarsa ta shaƙe bayan ta yi kwanaki a maƙale a cikin gashin kansa. Matsa ta ko fizgarta na sa ta ƙara zuba miyau, kuma wasu nan take jikinsu ke kumbura numfashi ya toshe. Shawarar likitocin nan ita ce a daskarar da ita a inda take da wani feshi mai sanyi da ake sayarwa a kemis, a bar ta ta faɗi da kanta. In ba ta faɗi ba, ko tana kusa da ido ko cikin kunne, ko jariri ne, likita zai cire. Ga kuma abin da ke sa maza su gyara zama idan na faɗa: cizonta kan sa jikin mutum ya daina karɓar naman sa, rago da akuya, ya ci tsire da dare, tsakar dare ya tashi da borin jini da kumburi. Wata likita a Sidni, Sheryl van Nunen, ita ta fara bayyana alaƙar a 2007. Kaza da kifi ba sa ciki, amma ku kwatanta babbar sallah a haka. Daga Satumba zuwa ƙarshen shekara sun fi yawa, don haka in yara sun dawo daga daji ko doguwar ciyawa, a duba kai, bayan kunne, wuya da hammata.

Zuma da rina ma sun fi gizo-gizo kai mutane asibiti a ƙasar. Yaron da leɓensa ko fuskarsa suka kumbura bayan harbi, ko ya fara huci, 000 za a kira. A Birisben kuma akwai jar cinnaka mai harbin wuta da aka gano a 2001, wadda hukuma ke son a ba da rahoton gidanta.

Maganin feshi kuwa, ku bi a hankali. Kada wanda ya sako fiya-fiya a jaka, kuma kada a juye kowane magani a gorar lemo. Ƙwayoyin kashe katantanwa da ake watsawa a lambu shuɗaye ne ko koraye kamar alewa, mai rarrafe zai kai baki. Ita kanta katantanwar kan ɗauki tsutsar ɓera mai taɓa ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake wanke ganyen lambu sosai. Feshi ba ya ma kai wa ga fanelweb da ke cikin rami. Yanke ciyawa, kwashe tarin katako da ganye, da sa safar hannu mai kauri kafin a ɗaga dutse sun fi shi aiki.

Saura maganar kuɗi, don na san ita ke sa wasu su ce a bari zuwa safe. A jihar da Sidni take, Medicare, wato tsarin inshorar lafiya na gwamnati, ba ya biyan motar asibiti, takardar kuɗi za ta biyo baya. Ku bincika inshorarku tun yanzu, ta ɗalibai yawanci tana ɗauke da shi, don kada ranar da abu ya faru lissafi ya tsaya tsakaninku da waya. Layin tambaya kan guba da cizo 13 11 26 ne, dare da rana, kuma wanda Turanci ke yi wa nauyi yana iya neman tafinta.

Baiwar Allahn nan ta sayi bandeji uku, ɗaya a kicin, ɗaya a mota, ɗaya a jakar goyo. Mun gwada naɗin a ƙafar babbar 'yarta har sau biyu, na farko ya yi sako-sako muka kwance muka sake. Hantsman ɗin kuwa maigidan ya kife shi da roba ya kai shi waje, bayan kwana huɗu ya dawo.