Ma'anar "kilan", kalmar da ta cika bakin masu wasan waya

Tun hutun da ya wuce kalmar "kilan" ta cika mini kunne. A shagon cajin waya a Mabera, nan cikin birnin Sakkwato, ka ji yaro yana ƙorafin an kore shi daga kilan, a Runjin Sambo ka ji wani yana cigiyar kilan da zai shiga, har gida ta biyo ni ta bakin ƙanena. Ban yi niyyar rubutu a kanta ba sai da na ji an ɗauko ta a wani shirin rediyo kan tarbiyyar matasa, mai gabatarwa ya fassara ta da "ƙungiyar asiri ta intanet". Nan take wani uba ya bugo waya hankalinsa a tashe, ya ce ya ga kalmar a wayar ɗansa, yau ɗin nan zai ƙwace ta. Raina ya ɓaci, domin an tsorata bawan Allah da abin da mai maganar kansa bai bincika ba.

Kilan dai taron 'yan wasa ne da suka haɗu a ƙarƙashin suna ɗaya da tambari ɗaya a cikin wasan intanet, suna da shugaba, suna da doka. Babu rantsuwa, babu ɓoyo, sunayensu a fili suke ga duk wanda ya buɗe wasan. Wannan bai buƙatar dogon bayani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne kuskuren da yaran kansu ke yi. Mutum huɗu su haɗu a wasan harbi na PUBG Mobile dare ɗaya, su ci wasa biyu, gari na wayewa sun buɗe zaure a WhatsApp sun ce sun kafa kilan. Wannan sikwad ne, wato 'yan huɗun da ke sauka filin daga tare cikin mutum 100, in wasa ya ƙare kowa ya kama gabansa. Kilan kuwa ana gane shi ne a ranar da ba a wasa.

Asalin kalmar ma ya nuna haka. Turawan Ingila sun aro "clan" ne daga harshen Gelik na mutanen tsaunukan Sikotilan, inda "clann" ke nufin 'ya'ya. Mu Sakkwatawa da mun ce ɗiya. Ɗiyan wane, zuri'ar kaka guda, masu ɗaukar sunansa, masu fita yaƙi tare in an taɓa ɗayansu. Wanda ya tashi a garin nan bai buƙatar a kai shi Turai kafin ya gane wannan. Muna da Toronkawa, zuri'ar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fito, muna da Sulluɓawa. Batoronke ko ya koma Yola ko ya koma Makka, Batoronke ne, nisan gari bai cire shi daga dangi. Shi ya sa fassara kilan da "ƙabila" ma ba ta zauna mini ba, ƙabila ta yi faɗi, kuma a siyasar ƙasar nan kalmar ta riga ta ɗauki wari. Masu wasan kwamfuta sun ɗauki kalmar tun zamanin wasan Quake na 1996, kuma ina ganin da gangan suka zaɓe ta maimakon "kulob", don suna son abin da ya fi rajista nauyi. Free Fire na kamfanin Garena "gild" yake cewa, amma yaranmu duk kilan suke kira.

Dubi yadda Clash of Clans, wanda kamfanin Supercell na ƙasar Finlan ya fitar a 2012, ya tsara abin. Kilan bai wuce mutum 50. Akwai shugaba, akwai mataimakansa, akwai matsayin da suka kira dattijo, sannan sauran mambobi. Kana roƙon sojoji a ba ka, kai ma in an roƙa ka bayar, kuma wasan yana rubuta nawa ka karɓa nawa ka bayar kowa yana gani. Marowaci bai ɓuya. A yaƙin kilan kowa yana da hari biyu, in ka yi barci ka bar naka, mutum 49 ka cuta. Wannan ya fi kama da gayya a gona fiye da duk wani asiri.

A kilan ɗin ƙanena na wannan wasan na ga abin da idona. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda 'yan bindiga. Cikin yaransu akwai na Goronyo, akwai na Isa, dare ɗaya suka ɓace daga wasan. Yaƙi biyu a jere aka cinye su saboda hare-haren da ba a kai ba. Ƙanena yana cikin mataimaka, ya same ni a zaure bayan isha'i da wayar a hannu, ta yi zafi har ya cire mata riga, yana nuna mini sunayen.

"Yaya, mi za mu yi da su? Wasu sun ce a kore su a sa sababbi."

Na tambaye shi ko ya san halin da suke ciki. Ya yi shiru. Washegari suka yanke shawarar da har yau nake yaba musu: ba a kori kowa ba, an dai daina sa sunayensu cikin masu fita yaƙi, tunda shugaba ne ke zaɓa, aka rage girman yaƙin. Ɗaya daga cikin 'yan Goronyo da ya shigo birni sayayya, saƙon farko da ya tura shi ne tambayar ko har yanzu yana ciki. Yana ciki.

Daga nan suka koyi sauran. Wanda zai shiga jarrabawa ko zai tafi sansanin bautar ƙasa na mako uku, ya faɗa tun da wuri a ajiye shi gefe. Da azumi an daina fara yaƙi da rana, sai bayan tarawihi, lokacin da kowa ya sha ruwa kuma zafin garin ya sauka. Da yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya watsa ɗalibai wata takwas, kilan ne ya zama majalisarsu, daga Illela har Tambuwal. In da za a tilasta mini in ba kilan sunan Hausa, majalisa zan ce, irin ta bakin titi mai benci da mai shayi, wadda ko wani ya yi aure ya tashi daga unguwa ana ajiye masa wurinsa.

Abin da ke kashe kilan yawanci shugaba ne mai riƙe sarauta bayan ya gaji da wasan. Supercell ma sun gane haka, shi ya sa in shugaba ya kwana 90 bai leƙo ba, wasan da kansa yake miƙa ragamar ga wani. Amma kafin kwana 90 su cika rabin mutane sun watse. Shugaban su ƙanena da ya sami aiki a Abuja bai jira haka ba, ya tara mataimaka, ya miƙa wa wanda ya fi kowa ba da sojoji, shi ya koma dattijo.

Ba na cewa wasan bai da illa. Yana cin data, yana cin barci, kuma tunda aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin kira da data a farkon 2025, yaron da ba ya sana'a aljihun iyayensa yake taɓawa. Uban da ya bugo rediyo yana da hakkin ya tambayi ƙarfe nawa ɗansa ke kwanciya da kuma su waye abokan wasansa. Da an faɗa masa ma'anar kalmar daidai, da tambayar da zai yi ke nan.

Su ƙanena yanzu rabinsu sun koma Free Fire, wasu Call of Duty, 'yan kaɗan ne suka rage a wasan farko. Sunan bai canza ba, zauren bai canza ba. Da ɗan Goronyon nan ya yi aure bara, su bakwai suka cika mota daga Sakkwato, uku daga cikinsu ranar suka fara ganin fuskarsa.