Mashin Ƙasar Sin: Yadda Ake Haɗa Shi Da Yadda Ake Koyon Sa

Da wane itace ake yin sandar mashin?

Akasari da wani farin itace da Sinawa ke kira baila. Ba daga katako ake yanko ta ba, ƙaramar bishiya ce sukutum. Tun tana tsiro ake sassabe mata rassa don ta miƙe sambal, in an sare ta a bar ta ta bushe, inda ta karkace a gasa a wuta a miƙar. Gindin ya fi kauri, tana sirancewa zuwa sama. Amfaninta shi ne tana lanƙwasa ba ta karyewa. Maƙeri kuma ya ƙera kan ƙarfe mai tsini, da kwaroro a ƙasa inda sandar za ta shige.

Jan tuntun da ke wuyan mashin fa, ado ne?

Ba ado kaɗai ba. Da gashin doki ake yin sa. Idan mashin na juyawa yana ɗauke idon abokin gaba, a fagen fama kuma yana tare jini kada ya gangaro ya sa sandar santsi.

Me mai koyo ke fara yi?

Abu uku: ture makamin abokin karawa waje, danne shi ciki, sai suka. Hannun baya na riƙe ƙarshen gindin a jikin ƙugu, na gaba kuwa sako-sako, sandar na zamewa a cikinsa. Ƙarfin daga ƙafa da ƙugu yake tasowa. Mai suka da damtse kaɗai nan da nan zai gaji, tsinin kuma ya yi ta rawa. A ganina nan ne masu kallon wasan wushu, wato wasan nuna dabarun faɗa na Sinawa, ke ruɗuwa, su ɗauka tsalle da wulwulawa su ne gwaninta. Janar Qi Jiguang na daular Ming, wanda ya yaƙi 'yan fashin teku a ƙarni na 16, ya hana sojojinsa irin wannan salon burgewa.

Yana ɗaukar lokaci?

Sosai. Sinawa na cewa sanda wata guda, takobi shekara guda, mashi kuwa har tsufa. Li Shuwen na yankin Cangzhou, wanda ya rasu a 1934, da dogon mashi ya yi suna, irin wanda tsawonsa kan kai mita 3 ko fiye. Da irin wannan mashin ake horar da ƙugu, don nauyinsa ba ya barin mutum ya yi ha'inci da hannu.