Waiwaye: Dodon Japan daga kasuwar kifi ya fito

Tun da fim ɗin Godzilla Minus One ya ci kyautar Oscar a 2024, tsohuwar gardama ta dawo. Wasu na cewa finafinan dodanni na Japan wasan yara ne, wasu na cewa zanga-zanga ce cikin rigar dodo. Duk ɓangarorin kan ambaci bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a Agustan 1945 su tsaya nan. Amma tsakanin bama-baman da fim ɗin Gojira na farko (sunan Godzilla a Japananci) shekara tara ce, kuma har mamayar da Amurka ta yi wa Japan ta ƙare a 1952 jaridu ba su da sakewar yin maganar. Mutane haɗiyewa suka yi.

A teku bakin ya buɗe. Ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidrojin a tsibirin Bikini na tekun Pasifik, wata farar toka mai gubar nukiliya ta yi ta zuba kan jirgin masunta mai suna Daigo Fukuryu Maru, da mutum 23 a ciki. Suka koma tashar Yaizu da ƙunar fata, gashi na zuba, kifinsu kuma ya shiga kasuwa kafin a farga. Sai ga ma'aikata suna bin kifin tuna da na'urar auna tururin nukiliya, wanda ta yi ƙara a kansa a binne shi. Ƙasar da kifi ne cefanenta na kullum, cinikin kifi ya faɗi warwas. Matan aure na unguwar Suginami a Tokyo suka fara tara sa hannun neman hana bam, kafin ƙarshen 1955 an haura miliyan 30. Ma'aikacin rediyon jirgin, Kuboyama Aikichi, ya rasu a Satumban 1954.

A ganina nan ne tushen. Yaƙi ya wuce, an ce zaman lafiya ake yi, amma ga guba a tukunyar gida.

Ranar 3 ga Nuwamba, mako shida bayan rasuwarsa, Gojira na darakta Honda Ishiro ya fito, kuma da ƙonewar jirgi a teku ya buɗe. A ciki wata mata a jirgin ƙasa tana ƙorafin gurɓataccen tuna, tana cewa da ƙyar ta tsira a Nagasaki. A asibiti ana kara wa yara irin na'urar da aka kara wa kifi.

Daga baya dodon ya yi laushi har ya zama abokin yara, sai bala'in tashar nukiliya ta Fukushima na 2011 ya dawo da shi da fushinsa a Shin Godzilla na 2016.