Wane irin mafashi (ƙarfen fasa ƙwallo) ne ke iya fasa baƙin walnot ba tare da shi mafashin ya karye ba?

Wai wannan baƙin walnot ɗin shi ne wanda ake sayarwa a ƙulle a leda a bakin titi?

A'a, ba shi ba ne. Wancan da ake dafawa ana tallarsa a Legas da Ibadan har da Abuja, wanda Yarbawa ke ce wa asala, haƙori ma na fasa shi. Wanda ake magana a nan na Amurka ne, bishiyarsa na fitowa da kanta a dazukan gabashi da tsakiyar ƙasar, musamman jihar Missouri inda akwai wani kamfani Hammons a garin Stockton da ke sayensa a hannun masu tsinta tun 1946. Yana zubowa ne wajen watan Satumba da Oktoba, da koren ɓawo a jikinsa, idan ka ɓare wannan sai ka tarar da ƙwallo baƙi mai tsage-tsage. Tauri kam ba a magana, duk wanda ya taɓa zama da dutse yana fama da ƙwallon goruba ya san irin abun da ake nufi. Ɓawon ma niƙa shi ake ana goge ƙarafa da shi a masana'antu, toh ka ga ba abun wasa ba ne.

Ina da ɗan mafashin nan na hannu mai kama da filaya, ba zai yi ba?

Ba zai yi ba gaskiya. An ƙera shi ne dan walnot na kanti, irin wanda ake nomawa a Kalifoniya mai siririn ɓawo, wanda ko guda biyu ka haɗa a tafin hannu ka matse sai ɗaya ya fashe. Idan ka sa baƙin a ciki ɗayan biyu ne, ko hannunka ya gaji ƙwallon na nan yana kallonka, ko kuma ƙusar da ta haɗa hannuwan ta lanƙwashe, wasu ma ƙarfen ne ke ɓallewa gaba ɗaya dan yawancinsu da ƙarfe mara nauyi aka zuba su aka shafa musu ƙyalli. Na katako mai murɗawa shi ma ka bar shi a kan shelf ya yi ado.

To me zan duba idan zan saya?

Fara da nauyi. Idan ka ɗaga da hannu ɗaya ka ji shi sakayau kamar gwangwani, ajiye. Na ƙwarai da baƙin ƙarfe mai kauri ake yi, kuma yana da dogon hannu da kake dannawa ƙasa, dan tsawon hannun nan shi ke ninka ƙarfinka, wasu kuma an ƙara musu giya mai haƙora irin ta inji yadda ko dattijuwa za ta iya dannawa ba sai ta hau kai ba. Sannan ka duba ƙasansa, ya kasance a ɗaure a kan katako mai kauri ko yana da ramukan da za ka ɗaure shi da noti a tebur, in ba haka ba kana dannawa yana ɗagowa ta baya.

Amma abun da mutane suka fi mantawa, kuma ni a wajena shi ne kan gaba, shi ne iya tafiyar da bakin mafashin ke yi. Ƙarfi kaɗai ba ya wadatarwa, guduma ma ai tana da ƙarfi. Abun da kake so shi ne bakin ya matsa kaɗan, ɓawo ya tsage, ya tsaya nan, kar ya ci gaba ya dagargaza ƙwayar da ke ciki ta zama gari haɗe da tsakuwar ɓawo. Shi ya sa masu kyau ke da wani noti da ake murɗawa a saita faɗin bakin daidai girman ƙwallon, tunda na daji ba girmansu ɗaya ba, wani kamar ƙwan zabo wani ya ɗara. Kuma bakin ya kasance da ɗan rami a kowane gefe da ƙwallon zai zauna, in shafaffe ne santsi zai sa ya kufce ya harba, kuma yana harbawa da ƙarfi sosai.

Akwai sunayen da aka sani?

Akwai irin su Grandpa's Goody Getter da Master Nut Cracker, duk ƙananan masu ƙira ne a Amurka ke yin su kuma dan baƙin walnot ɗin aka yi su takanas. Ba su da araha kam, kuma akwai kwaikwayo a intanet masu kama da su a hoto amma ƙarfen ba ɗaya ba, dan haka ka karanta nauyin da aka rubuta da irin ƙarfen, ka kuma ga ko an ambaci baƙin walnot ɗin da sunansa, kalmar "mai ƙarfi" kowa ma na rubutawa. Wanda ya iya da wannan zai iya da hikori da makadamiya, wasu 'ya'yan itace ne masu ƙwallo, su ma taurin kai gare su.

Idan ɗan kaɗan nake da shi fa, dole sai na kashe kuɗi?

Ba dole. Ƙarfen matsewar nan na makanikai da ake ɗaurewa a bakin tebur a murɗa da hannu yana yi tsaf, har ma ya fi wasu mafasan iya tsayawa inda kake so tunda a hankali kake murɗawa kana jin ƙarar tsagewa, matsalarsa kawai jinkiri. Guduma ma na yi a kan kankare ko kututture, ka naɗe ƙwallon a tsumma, amma ka shirya tsintar ɓarɓashi. In kuwa bishiya ce a bayan gidanka tana zubo maka bokiti-bokiti duk shekara, sayi na gaske ka huta.

Me ya sa ko da mafashi mai kyau ƙwayar ke fitowa a farfashe?

Wani ɓangaren halittarsa ce, cikin ƙwallon ɗaki-ɗaki ne da bango mai tauri, ƙwayar ta shige lungu-lungu, dan haka kar ka sa ran ganin rabi cif kamar na kanti, in ka samu rabin rabi ma ka yi ƙoƙari. Sauran kuma shiri ne. Bayan ka cire koren ɓawon (sa safar hannu ta roba, ruwansa na rina fata baƙi ƙirin ya yi kwanaki bai fita ba), ka zuba a ruwa ka wanke, duk wanda ya taso sama yawanci ba komai a ciki, zubar. Sai ka shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa sati 2 zuwa 3, ƙwayar ta ɗan janye daga jikin ɓawo. Kafin fashi wasu na jiƙa shi a ruwa awa 1 zuwa 2 su rufe a roba ya kwana, hakan na rage tarwatsewa. Wajen sakawa kuma tsini da gindi za su fuskanci bakin, ka danna sau ɗaya, ka juya ka ɗan ƙara in da buƙata. Sannan ka ajiye ƙaramar filayar yankan waya a kusa, da ita ake datse bangon cikin nan ƙwayar ta faɗo da kanta, ta fi tsinke nesa ba kusa ba.

Akwai wani haɗari?

Ido. Gutsuren ɓawon kaifi gare shi kuma tsalle yake, sa gilashi, ka kuma rufe da tsumma ko tafin hannu mai safa lokacin dannawa, yara su matsa baya. Ka tsince ƙwayar da kyau a faranti mai haske kafin a ci dan ɗan guntu ɗaya ya isa ya fasa haƙori. Koren ɓawon da ruwan wankin kuma kar a juye su a gindin tumatir ko barkono, akwai wani sinadari juglon a ciki da ke sa su yaushi su mutu.