Ma'anar "takhliya": mi malamai ke nufi in sun ce a kwashe kafin a zuba

Tun azumin da ya wuce kalmar nan ke yawo, a wajen tafsiri, cikin gajerun bidiyon wa'azi da ake turawa a WhatsApp, har samari na ɗora ta a sitatus: takhliya kafin tahliya. Ranar nan ƙanena ya tare ni a zaure ya ce Yaya don Allah mi ake nufi, shi a kunnensa kalma guda ce anka maimaita sau biyu. Kuma da gaskiyarsa, don wanda duk ya yi makarantar allo ya san akwai ha ƙarami akwai ha mai ruwa, amma a bakinmu duk "ha" suke fita, shi ya sa muke cewa huɗuba da halifa da alheri alhali dukkansu da ha mai ruwa suke a Larabci.

To ta farkon mai ruwan ce. Takhliya na nufin ka kwashe abin da ke cikin abu ka bar shi wayam, asalinta guda da halwa, wadda mutum ke keɓe kansa daga jama'a don ibada. Ta biyun, tahliya, ita ce yin ado ko sa wa abu zaƙi, 'yar uwar kalmar da munka samu alewa daga gare ta. Wato ka fara raba zuciyarka da munanan halaye da abubuwan da sunka ɗaure ta, sannan kyawawa su samu wurin zama.

Ba sabuwar magana ba ce. Malaman tarbiyya kan ce ka dubi kalmar shahada kanta, da kore anka fara, "la ilaha", sannan tabbatarwa ta biyo, "illallah". A aya ta 256 ta Baƙara kafirce wa ɗagutu anka fara ambata kafin imani da Allah. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da ya kasa littafinsa Ihya'u kashi huɗu, sai da ya gama kashin halaye masu halakarwa sannan ya shiga na masu tserarwa. Nan gida ma haka Shehu Usmanu ya karantar, ya jero ciwon zuciya irin su jiji da kai, girman kai, hassada, riya, dogon buri da fushi ba kan gaskiya ba, sannan ya kawo tuba da zuhudu da tawakkali da ikhlasi. Kuma ba a takarda kaɗai ya tsaya ba, a 1804 ya bar Degel, garin da ya zauna shekaru yana karantarwa, ya yi hijira zuwa Gudu. Da zuciyarsa na ɗaure da gida da bai iya ba.

Ni dai inda na fi gane wagga magana shi ne wajen majema. Fatar akuyarmu ta Sakkwato da ake yabo har ƙasashen waje, je ka ga yadda take zuwa hannunsu, da gashinta da sauran nama manne a jiki da wari. Ba wanda ke ɗaukar ta haka ya tsoma a rini. Sai an jiƙa ta, an sa ta cikin toka har gashin ya saki, a shimfiɗa a kankare shi tas, a wanke a sake wankewa, sannan ta shiga ruwan bagaruwa ta jima, sai can ƙarshe jan launin nan ya hau kuma ya zauna daram. Mafi yawan wahalar da warin duk wajen cirewa suke. In majemi ya yi gaggawa ya bar gashi wani wuri, nan ne rinin zai ƙi kamawa, kuma baduku na ɗagawa zai gani.

Haka muke da kanmu wallahi. Kowa na son ƙari, ina son in riƙa tashi kiyamul laili, ina son in haddace izu biyu bana, ina son in tara jari, ina son in koyi ɗinki ko gyaran waya. Niyya mai kyau, amma ina za ka zuba su alhali rana awa 24 ce kuma ta riga ta cika? Na kwashe fiye da shekara ina ɗaura niyyar komawa karatu bayan asuba ina kwancewa, har na je na ce wa malaminmu, Allah gafarta malam a taimaka min da addu'a, na kasa. Bai ce min komai kan addu'a ba tukuna, sai ya tambaye ni ƙarfe nawa nake ajiye waya da dare. Na yi shiru, don gaskiyar magana ɗaya na dare na samuna ina zagaye guruf-guruf da TikTok, wani lokaci har biyu. Ya ce to je ka fara da wannan, addu'ar ma za mu yi.

Abin da ake kwashewa kashi biyu ne a ganina. Akwai wanda ido ke gani, kamar cacar ƙwallo ta waya da ke cinye kuɗin yaranmu, shaye-shaye, majalisar da ba a tashi sai an ci naman wani, cin bashi don anko da fita kunyar biki. Waɗanga ko wuya ko daɗi ka san sunansu. Na biyun shi ya fi tauri, don yana ɓoye kuma sau da yawa yana kama da gaskiya. Ƙullatar ɗan uwa kan gadon da anka raba shekara goma baya, kullum kana maimaita shari'ar cikin ranka. Wadda ta yi aure tun tuni amma har yanzu kana leƙa shafinta. Son a yabe ka, har sadaka ba ta maka daɗi sai an ɗauki hoto. Tsoron mi mutane za su ce, wanda ya hana mai digiri riƙe ƙaramar sana'a yana zaune yana jiran ofis. Duk waɗanga wuri suke ci a zuciya, kuma zuciyar ɗaya ce.

Sai dai akwai inda ake karkatar da kalmar, kuma abin na damuna ƙwarai. Za ka ga yarinya ko saurayi ya rubuta wai yana takhliya, ya toshe lambar goggonsa, ya daina gaida ɗan uwansa don sun samu saɓani. Wannan yanke zumunci ne, an dai sauya masa suna. Annabi (SAW) ya hana Musulmi ƙaurace wa ɗan uwansa fiye da kwana uku. Abin da ake nema ka cire yana cikinka ne, hassadar da gabar, ba mutanen da Allah ya haɗa ka da su ba. E, abokin da kullum shi ke ja ka zuwa ga ɓarna ka rage zama da shi, amma sallama da gaisuwa da zuwa jana'izar gidansu suna nan. Haka kuma ba a ce ka dakatar da aikin alheri sai ranar da ka tsarkaka ba, in haka ne ba mai farawa. Tare suke tafiya, ka kankare nan ka rina nan, kuma wurin da ka share in ka bar shi haka nan ciyawa ce za ta dawo, duk manomin da ya yi sharar gona ya makara da shuka ya sani.

Ƙanen nawa ya ce to ta ina zai fara. Na ce ya zaɓi abu guda tak, ba goma ba, wanda shi da kansa ya san shi ke cinye masa lokaci ko kwanciyar hankali, ya riƙe kwana arba'in, kuma ya tanadi abin da zai sa a gurbinsa tun kafin ya bari. Ni tawa wayar yanzu a falo take kwana jikin caja, ƙarfe goma da rabi nake rabuwa da ita. Makon farko na sha juyi bisa katifa, hannuna na laluben gefen filo. Yanzu wata na huɗu ke nan, mun kai Suratul Kahfi da malam.