Yaƙin Ofiyom na Farko (1839–1842)

Yaƙin Ofiyom na Farko faɗa ne da aka gwabza tsakanin daular Qing ta ƙasar Sin da Birtaniya daga 1839 zuwa 1842. Abin da ya tayar da shi shi ne yunƙurin hukumomin Sin na hana fasa-ƙwaurin ofiyom, ƙwaya mai bugarwa da ake samu daga ƙaron wani fure, wadda fataken Birtaniya ke shigowa da ita daga Indiya. Sin ta sha kaye, aka ƙulla Yarjejeniyar Nanjing. A tarihin da ake koyarwa a makarantun ƙasar, daga wannan yaƙi ake fara lissafin zamanin da suke kira ƙarnin wulaƙanci.

Yadda ciniki yake kafin yaƙi

Turawan Portugal sun samu wurin zama a Macau tun 1557, amma cinikin Turawa bai taɓa zama a sake ba. A 1757 Sarki Qianlong ya taƙaita shi a gari ɗaya tak, Guangzhou, wanda Turawa ke kira Kanton. Can ma ba a bar su su shiga cikin ganuwa ba. An ware musu unguwa a bakin kogi, suna zama lokacin kakar ciniki, in ta wuce su koma Macau. Ba su da ikon saye ko sayarwa sai ta hannun wasu 'yan attajirai da hukuma ta ba lasisi, ƙungiyar Cohong. Aikin waɗannan attajirai ya yi kama da na fatoma a zangon fatake: su ne masu masauki, su ne dillalai, kuma su hukuma ke kamawa in baƙo ya yi laifi.

Birtaniya ta nemi a sassauta. A 1793 ta aiko George Macartney, ya gana da Qianlong a Chengde, ya roƙi a buɗe ƙarin tashoshi kuma a yarda jakadan Birtaniya ya zauna a Beijing. Fada ta ɗauke shi a matsayin mai kawo gaisuwa, ta sallame shi hannu rabbana. Jakadan da ya biyo baya a 1816, Amherst, ko ganin sarki bai yi ba.

Shayi, azurfa da ofiyom

Mutanen Ingila sun kamu da son shayi, kuma a lokacin Sin ce kaɗai ke sayar musu da ganyen. Suna kuma sayen alharini da tangaran. Su kuwa Sinawa ba su damu da yadin ulun Ingila ba, sai dai a biya su da azurfa. Ofiyom ce ta juya wannan lissafi. Kamfanin Gabashin Indiya na Birtaniya ya mallake nomanta a yankin Bengal, yana yin gwanjonta a Kalkata, 'yan kasuwa masu zaman kansu irin su Jardine da Matheson su yi dakonta zuwa gaɓar Sin, su sauke a jiragen ajiya kusa da tsibirin Lintin. Daga nan 'yan sumogal na gida su kwashe cikin ƙananan jirage masu gudu, jami'an da aka toshe wa baki kuma su kau da kai. Ta haka kamfanin ke iya cewa shi bai karya dokar kowa ba, alhali an haramta sayar da ƙwayar a Sin tun 1729.

Wajajen 1820 akwati dubu huɗu zuwa biyar ke shiga a shekara. Zuwa ƙarshen shekarun 1830 adadin ya kusa dubu arba'in, musamman bayan an soke ikon kamfanin na mallake cinikin Sin a 1834, kowa ya shigo da nasa. Azurfa ta fara fita daga ƙasar. Wannan ya taɓa har manomin da bai taɓa ganin ofiyom ba, domin da kwabban tagulla yake ciniki, harajinsa kuwa da azurfa ake ƙiyasta shi. Duk tashin da azurfa ta yi, haraji ya ƙaru ke nan.

Lin Zexu a Guangzhou

Fada ta rabu biyu. A 1836 wani jami'i, Xu Naiji, ya ba da shawarar a halatta ƙwayar a riƙa karɓar haraji a kanta. Sarki Daoguang ya bi ra'ayin masu cewa a murƙushe ta, ya naɗa Lin Zexu wakili na musamman. Lin ya isa Guangzhou a watan Maris na 1839. Ya kama dillalai da mashaya, ya tsare Turawa a unguwarsu har suka miƙa akwati sama da 20,000. Daga 3 ga Yuni aka shiga lalata su a Humen: a zuba cikin ramuka, a haɗa da gishiri da farar ƙasa, a kora cikin teku. Aikin ya ɗauki kusan mako uku.

Wani mataki da ya yi tasiri fiye da yadda aka zata shi ne na Charles Elliot, mai kula da cinikin Birtaniya a wurin. Ya ce wa fatake su miƙa masa kayan, gwamnati za ta biya su. Da wannan alkawari hajar 'yan sumogal ta koma dukiyar gwamnatin Birtaniya, asararta kuma ta zama hujjar yaƙi. A watan Yuli wasu matuƙan jirgi da suka bugu suka kashe wani ɗan ƙauye a Kowloon, yankin da ke daura da tsibirin Hong Kong, Elliot ya ƙi miƙa kowa ga shari'ar Sin, abu ya ƙara dagulewa.

A Landan ma ba baki ɗaya aka yarda ba. Sakataren harkokin waje Palmerston ya tura rundunar ruwa, amma a Afrilun 1840 gwamnati ta tsallake ƙudurin suka a majalisa da ƙyar, ƙuri'a 271 da 262. William Gladstone, wanda daga baya ya zama firaminista, yana cikin waɗanda suka yi tir da yaƙin.

Yaƙin kansa

Ba a yi kunnen doki ba ko kaɗan. Jiragen Birtaniya sun iso a Yunin 1840, suka kama Zhoushan, suka nausa arewa har kusa da Tianjin. Sarki ya tuɓe Lin, daga baya ya tura shi gudun hijira Ili a Xinjiang. Magajinsa Qishan ya sasanta da Elliot a Janairun 1841, sai gwamnatocin biyu duk suka yi fatali da sulhun: Daoguang na ganin an ba da yawa, Palmerston na ganin an karɓi kaɗan. Jirgin ƙarfe mai tururi Nemesis, wanda ke iya shiga ruwa marar zurfi, ya yi wa jiragen katako na Sin ɓarna sosai. Ƙarƙashin Henry Pottinger, wanda ya gaji Elliot, aka ci Xiamen, Ningbo da Shanghai. A Yulin 1842 Zhenjiang ta faɗi, a daidai inda babbar hanyar ruwan da aka haƙa tsakanin kudu da arewa ta haɗu da kogin Yangtze. Ta wannan hanya hatsin kudu ke isa Beijing, don haka fada ta nemi sulhu.

Yarjejeniyar Nanjing da abin da ya biyo baya

An sa hannu ranar 29 ga Agusta, 1842, a kan jirgin yaƙi Cornwallis. Sin ta ba da tsibirin Hong Kong, ta buɗe tashoshi biyar: Guangzhou, Xiamen, Fuzhou, Ningbo da Shanghai. Ta soke Cohong, ta kuma amince da biyan dalar azurfa miliyan 21, wato 6 kuɗin ofiyom ɗin da aka lalata, 3 basussukan attajirai, 12 kuɗin yaƙi. Abin mamaki, takardar ba ta ce uffan ba kan halatta ko haramta ƙwayar, sai fasa-ƙwauri ya ci gaba.

Ƙarin yarjejeniya a 1843 ta ba 'yan Birtaniya damar a yi musu shari'a a gaban jami'an ƙasarsu ko da a Sin suka yi laifi, da sharaɗin duk gatan da aka ba wata ƙasa su ma sun samu. Amurka da Faransa suka karɓi irin nasu a 1844. Yaƙi na biyu, daga 1856 zuwa 1860, ya kai ga halatta ofiyom, ƙona Fadar Bazara da ke wajen Beijing, da ba da Kowloon. Sai a 1943 Birtaniya da Amurka suka janye gatan shari'ar, Hong Kong kuma ta koma hannun Sin ranar 1 ga Yuli, 1997.